Minti Huɗu a Kan Tudun Varden

Shekara talatin da ɗaya Aslaug Moland ta yi tana raba wasiƙu a Tangevik, ƙaramin garinmu na bakin teku a kudancin Norway. Da jan keke ta fara, mai kwando gaba da baya, sai a shekarunta goma na ƙarshe aka ba ta mota, wadda ba ta taɓa so ba. A wancan zamani da hannu ake rubuta wasiƙa, kuma Aslaug ta san rubutun kowa. In ta ga ambulan ta san daga wane jirgin ruwa ya fito, ta san matar wa za ta yi murna ranar. Ba ta taɓa buɗe wasiƙar wani ba, ba ta taɓa tambaya ba. Amma mace ce mai son sanin yadda abu yake. Ta san taki nawa ne daga gidan waya zuwa coci. Ta san minti nawa ƙanƙara take yi kafin ta narke a kan sirdin keke in an jingine shi a rana. Mijinta Tallak, kafin ya rasu, yakan ce da ruwan sama yana da ƙafa da Aslaug ta bi sawunsa ta ga inda yake kwana.

Da ta yi ritaya sai ta mayar da ƙafarta kan Varden, tudun da ke bayan gari. Tafiyar minti talatin da biyar ce zuwa ƙoli, ta cikin itatuwa da duwatsu. A can sama akwai turke, an kafa masa akwatin kwano, a ciki littafi da fensir ɗaure da zare. Duk wanda ya hau sai ya rubuta sunansa da kwanan wata. Ƙarshen shekara ƙungiyar wasanni ta gari takan ƙirga, wanda ya haura sau ɗari a ba shi kofin tangaran. Zuwa shekarar 2012 Aslaug ta jera bakwai a kan tagar kicin.

Mutum ɗaya ne ya fi ta yawan hawa, Eilif Songe, tsohon injiniyan jirgin ruwa, gwauro tun rasuwar matarsa, mai gwiwa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa sosai. Taki ɗari biyu da sha huɗu ne tsakanin gidajensu. Bai taɓa shiga nata ba, ba ta taɓa shiga nasa ba. A kan tudu suke haɗuwa wajen takwas na safe, ita da filas ɗin gahawa, shi da busasshiyar cinyar rago mai gishiri wadda yake yankowa da wuƙar aljihu.

"Yau ma na riga ki, mai wasiƙu," yakan ce.

"Ai dole ka riga ni. Mutumin da ba ya wanke kwanonsa kafin ya fito."

"Karɓi nama ki tauna, ko bakinki ya samu aikin kirki."

Cikin Oktoba na 2012, tana da shekara sittin da tara, ta farka wata safiya ta ji kamar an zuba mata siminti a kafaɗu da ƙugu. Ta yi niyyar juyawa, jiki ya ƙi. Sai da ta zuro ƙafafu ƙasa ta dafa bango sannan ta miƙe. Ɗaga mataji zuwa kai ya gagare ta. Wajen sha ɗaya na rana abin ya sake ta kamar ba a yi ba, har ta hau tudu da azahar. Washegari ya dawo. Mako uku ta yi a haka, tana shan man hantar kifi cokali biyu maimakon ɗaya, tana cewa sanyin kaka ne. Ranar da ta tsaya a tsakar ɗaki da rigar sanyi, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, ta kasa gaba ta kasa baya, ranar ta je wurin likita.

Likitar garin, Reidun Haugland, yarinya ce a idon Aslaug. Da hannunta ta kai mata takardar shiga makarantar likita shekaru ashirin da suka wuce. Reidun ta sa ta ɗaga hannu, ta sa ta tashi daga kujera ba dafawa, ta ɗibi jini. Bayan kwana biyu ta kira ta.

"Sunansa polimiyaljiya. Ciwon manya ne, da wuya ya kama wanda bai kai hamsin ba, kuma mu nan arewa mun fi kowa samunsa."

"Me ke kawo shi?"

"Ba mu sani ba."

"Me ke korarsa?"

"Yakan gaji ya tafi da kansa. Shekara ɗaya, shekara biyu, wani ya fi haka. Kafin nan maganin kortizon zai danne shi, mu riƙa rage miki kaɗan-kaɗan."

"Ba ku san abin da ya kawo shi ba, ba ku san ranar tafiyarsa ba. To me kuka karanta shekara shida, Reidun?"

"Mun karanta yadda ake haƙuri da irinku." Reidun ta yi dariya, sannan ta daina. Ta jawo wata takarda ta ajiye a gabanta. "Saurara, Aslaug. Wannan baƙon naki yana da yaya, kuma yayan ya fi shi mugunta. Shi jijiyoyin jini na kai yake kumburawa. Ba kowa yake zo wa ba. In zai zo, ga alamunsa guda huɗu: sabon ciwon kai a gefen goshi, fatar kai ta riƙa zafi in an taɓa, muƙamuƙi ya gaji in ana tauna, sai ido ya yi dishi-dishi. Yana iya ɗauke ido a yini ɗaya, kuma abin da ya ɗauke ba ya dawowa. Ranar da kika ga ko ɗaya ki kira. Ranar, ba washegari ba."

Aslaug ta ninke takardar huɗu ta sa a cikin littafin girkinta, shafin miyar kifi.

Miligram goma sha biyar aka fara mata. A safiya ta uku ta tashi daga gado kamar 'yar shekara arba'in, ta miƙa hannu ta taɓa saman ƙofar kicin. Ta tsaya tana kallon ƙwayar a tafin hannunta, fara, ba ta kai ƙwayar wake ba. Daga ranar ta ɗauki ciwon kamar yadda take ɗaukar komai. Kowace safiya takan duba agogo in ta farka, ta sake dubawa in ta iya taɓa saman ƙofa, ta rubuta mintocin da ke tsakani a jikin kalanda. Yawanci sifili ne.

Maganin kuma ya zo da nasa. Fuskarta ta cika ta yi zagaye, fatar hannu ta yi laushi har ƙaramar buguwa takan bar shuɗin tabo na mako biyu, yunwa ta sa ta gaba. Eilif ya ga fuskar ya ga tabon, ya yi mata zancen santsin hanya. A garinmu ba a tambayar mutum jikinsa. Ana tambayarsa jirginsa, ana tambayarsa ko itacen wutarsa ya bushe. In yana so ya faɗa, zai faɗa. Aslaug ta ji daɗin shirun nan nasa. Sai da aka yi wata biyar, wata safiya suna zaune a kan dutse, ta ba shi labarin baƙon da yayansa, alamun huɗu duka, kamar mai ba da labarin wani tsuntsu da ta gani.

"Wato bututu ne yake kumbura ya toshe," in ji Eilif.

"Bututu ne."

"Na san irinsa. Ba ya ihu. Sai dai ka ga inji ya tsaya."

Reidun tana rage maganin wata-wata, Aslaug tana raba ƙwaya biyu da tsohuwar wuƙar buɗe ambulan. Cikin Mayu na 2013 suka sauko bakwai da rabi. Kwana shida bayan haka kalanda ta nuna minti ashirin, washegari arba'in da biyar, washegari awa biyu. Baƙo ya dawo.

"Laifina ne?" ta tambayi Reidun.

"Ba laifin kowa ba ne. Kusan rabin masu ciwon haka yake yi musu. Mu koma goma, mu sauko a hankali."

Sai Aslaug ta shiga neman dalili. Ta gwada ranakun ciwon da ranakun ruwan sama, ba su dace ba. Ta gwada da tsayuwar wata, ta gwada da ranakun da ta ci kifi mai gishiri, ta daina gahawa mako uku ta zama abin tausayi a banza. Abu ɗaya kawai ta gano: akwai wani layi, in magani ya sauka ƙasa da shi ciwo ya ɗago kai, kuma layin ba ya zama wuri ɗaya. Karon farko a bakwai da rabi yake. Karo na biyu, cikin Janairu na 2015 bayan ta yi mura mai tsanani, a huɗu ya tare ta. Wannan karon ta ji haushi, don an ce mata shekara biyu, ga shekara biyu ta wuce. Ta koma bakwai, ta sake saukowa kamar mai sauka daga tsani a cikin duhu, ƙafa ɗaya tana laluben mataki kafin ɗayar ta biyo. Ranar tara ga Mayu na 2017 ta haɗiye rubu'in ƙwaya na ƙarshe. Shekara huɗu da wata bakwai ke nan. Fuskarta ta koma tata. A shekarun nan duka ba ta rasa kofin tangaran ko sau ɗaya ba.

Ba ta daina gwajin saman ƙofa ba. Wata goma kullum sifili. Ta nan baƙon ya shigo karo uku, don haka nan take gadi.

Ranar Litinin sha tara ga Maris na 2018 kanta ya fara ciwo a gefen hagu, tsakanin ido da kunne. Sanyi ya yi tsanani a watan nan, kuma matar ɗanta ta saƙa mata sabuwar hula ta ulu mai kaushi. Aslaug ta yi gwaji. In ta sa hular, fatar kai ta yi zafi. In ta cire, ya lafa. Ta miƙa hannu ta taɓa saman ƙofa, lafiya lau. To, hula ce. Ta rataye ta a ƙusa ta riƙa hawa tudu kai ba komai, abin da ba mai hankali da zai yi a irin wannan sanyi.

Ranar Laraba ashirin da takwas ga wata, jajibirin hutun Ista, Eilif ya yanko mata nama kamar kullum. Ta tauna sau goma sha biyu, muƙamuƙinta ya gaji kamar ƙafar da ta hau bene goma. Ta tsaya, ya saki. Ta sake taunawa, ya dawo. Sai ta naɗe sauran a takarda ta sa aljihu.

"A gida zan ci."

Eilif ya dubi aljihun, ya dubi kanta da iska take watsa wa furfura. Ya buɗe baki, sannan ya juya wajen teku.

"Gobe za a yi iskar gabas," ya ce.

"Haka rediyo ya faɗa."

Da la'asar ta ɗauko littafin girki ta buɗe shafin miyar kifi. Takardar tana nan, ta yi ɗan maiƙo a gefe. Ta karanta ta ƙirga: ciwon kai, fatar kai, muƙamuƙi. Uku cikin huɗu. Ta duba agogo, huɗu da kwata. Tun sha biyu na rana Reidun ta rufe, ba za ta buɗe ba sai Talata. Haka Ista take a wurinmu. Daga Alhamis zuwa Litinin kantuna a rufe, ofisoshi a rufe, rabin gari sun tafi ɗakunan katako na kan duwatsu suna wasan zamiya a kan ƙanƙara, har da ɗanta da iyalinsa. A ƙasan takardar akwai lambar likitan gaggawa na birni. Aslaug ta ɗauki waya ta riƙe. Ta tuna masu aikin can, waɗanda aka hana hutu, ga masu karyewa a kan ƙanƙara ana ta kawo musu. Tsohuwa ta bugo ta ce hula tana damunta kuma nama ya yi mata tauri? Shekara saba'in da biyar ba ta taɓa zama mai damun mutane ba. Ido kuma lafiyarsa ƙalau. Ta ajiye wayar, ta rubuta a kalanda a gidan Talata: Reidun, takwas na safe.

Ranar Alhamis ta hau tun bakwai don kada ta haɗu da Eilif da namansa. Ta sa hannu a littafi ta sauko ta wata hanya.

Ranar Jumma'a, wadda muke kira doguwar Jumma'a, ranar gicciye, ta sake hawa da wuri. Da ta buɗe littafin sai ta ga rubutun Eilif a ƙarƙashin sunanta na jiya, manyan haruffa irin na ɗakin inji: "Mai wasiƙu, ina hularki? Me namana ya yi miki?" Abin da bakinsa ya kasa ranar Laraba, fensir ya faɗa ranar Alhamis, ita kuma ta karanta ranar Jumma'a. Ta yi murmushi ta ɗauki fensir ta rubuta: "Hula tana ƙaiƙayi. Namanka fatar takalmi ne. Kula da gwiwarka."

Tana cikin sa hannu sai layin littafin ya gushe. Ta ɗaga kai. Daga ƙolin Varden ana hango farar hasumiyar fitilar jiragen ruwa a bakin mashiga. Ta rufe idon dama da tafin hannu. A idon hagu wani labule mai launin toka yana saukowa daga sama a hankali, ya rufe sama, ya rufe kan hasumiya, ya rufe teku. Hannunta, da ya saba, ya riga ya juyo agogo. Bakwai da minti ashirin. Ta zauna a kan dutse tana kallon toka. Bakwai da ashirin da huɗu labulen ya ɗage, hasumiya ta dawo fara tas, har tsuntsayen da ke kanta. Aslaug ta rubuta a gefen shafin, ƙanana, "minti 4", ta rufe akwatin.

Huɗu cikin huɗu ke nan. Duk hanyar saukowa tana shawara da kanta. Ai ya tafi. Abin da ya zo ya tafi da kansa cikin minti huɗu zai iya jiran kwana huɗu. Kuma doguwar Jumma'a ce, ranar da ko gatari ba a ɗagawa, ko wanki ba a shanyawa. In ya sake zuwa za ta kira. Ta yini tana rufe ido ɗaya tana buɗe ɗaya, bai sake zuwa ba.

Safiyar Asabar ta farka da labulen a idon hagu. Ta tashi ta dafa gahawa, ta zauna a teburin kicin ta ajiye agogo a gabanta. Minti huɗu suka wuce. Goma suka wuce. Ta rufe dama ta dubi kalanda, ba komai sai ɗan haske a ƙasa. Ta rufe hagu, ga kalanda sarai, ga sunan Reidun a gidan Talata. Ta ce bari ta ba shi rabin awa. Da rabin awa ta cika ta ƙara masa kwata.

Tara saura kwata aka buga ƙofa. Ba ta tashi ba, aka sake bugawa, sannan aka turo. Eilif ne, yana haki, ƙanƙara har gwiwa, bai ko cire takalmi ba, abin da ba a yi a gidan mutane.

"Babu sunanki a littafi," ya ce.

"Ka ɓata mini daɓe."

"Jiya kin rubuta sunanki a kan nawa. Shekara goma sha uku ban taɓa ganin rubutunki ya bar layi ba. Minti huɗun me?"

Ta dubi agogon da ke gabanta.

"Aslaug. Minti huɗun me?"

"Na jiya ne. Na yau ya kai awa ɗaya da minti goma."

"Wane ido?"

"Hagu."

"Ɗauko rigarki."

"Bari in ga ko zai kai awa ɗaya da rabi. Kuma Ista ce, Eilif, mutanen nan..."

"Bututu ne, ke kika faɗa mini. Ɗaya ya toshe, saura ɗaya. Ɗauko rigarki ko in ɗauke ki ba riga."

Tafiyar minti arba'in ce zuwa asibitin birni. A hanya ya sa ta buga lambar da ke ƙasan takardar, don haka suna isa aka shigar da ita. Likitar da ke aiki ranar ƙaramar mace ce mai gajeren gashi. Tana tambaya ana sa wa Aslaug allurar ƙarin ruwa a hannu, da kortizon mai yawa a ciki.

"Yaushe ciwon kan ya fara?"

"Litinin, sha tara ga wata. Muƙamuƙi, Laraba, a tauna ta goma sha biyu. Ido, jiya, bakwai da minti ashirin, ya yi minti huɗu. Yau tun bakwai da rabi da biyar."

Likitar ta daina rubutu ta dube ta. "Ban taɓa samun wanda ya kawo mini labari daidai haka ba. Me ya hana ki kira ranar Laraba?"

"Ista ce."

"Na san Ista ce, baba. Shi ya sa nake nan."

Daga baya aka ɗora mata na'urar hoton ciki a gefen goshi, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Aslaug ta roƙi a juyo mata allon ta gani da idon dama. Likitar ta nuna mata jijiyar, da wani baƙin zobe da ya kewaye ta, ta ce kumburin ke nan. Aslaug ta daɗe tana kallo. Shekara biyar da rabi tana jin labarin yayan baƙonta, yau ta ga fuskarsa.

"Ɗan ƙarami ne ashe," ta ce.

Kwana uku ana yi mata ƙarin ruwan. Idon dama ya tsira. Na hagu bai dawo ba, sai ɗan hasken nan na ƙasa, wanda take iya gane inuwar hannunta da shi.

Eilif ne ya dawo da ita gida ranar Laraba. Wannan karon ya cire takalmi. Ta zuba masa gahawa, rabi a kofi rabi a tebur, don ido ɗaya bai iya auna nisa ba tukuna. Ya goge da hannun rigarsa.

"Akwai abin da zan faɗa miki," ya ce. "Ranar Jumma'a da na karanta littafin na zo. Na tsaya a ƙofar lambunki. Na ga hayaƙi yana fita, na ce mai hayaƙi lafiyarta lau, kuma ba a buga wa mutum ƙofa ranar gicciye. Sai na koma tudu na rubuta miki ki kira likita."

"Ka sake hawa? Da wannan gwiwar?"

"Na sake."

"Minti nawa ka tsaya a ƙofar lambun?"

"Ban duba ba."

"Ai matsalarka ke nan, injiniya. Ba ka duba komai." Ta juya kofinta a kan tebur. "Na tambayi likitar ko da an zo Jumma'a da idon ya tsira. Ta ce wataƙila. Na ce Laraba fa? Ta ce Laraba kusan tabbas. Ranar Laraba takarda a hannuna take, waya a hannuna take. Kai ba ka nan. Sha gahawarka."

Aka sake komawa kan tsani, wannan karon daga miligram sittin. Fuska ta sake cika, tabo ya dawo, aka ƙara mata maganin ƙashi. Cikin shekara ɗaya suka sauko bakwai da rabi. A biyar kafaɗu suka ɗan motsa, aka koma bakwai. Reidun, wadda ta yi kwanaki in ta haɗa ido da Aslaug sai ta hau ta da faɗa, ta ce mata gaskiya: wasu sukan rabu da shi, wasu kuma sukan zauna da 'yar ƙwaya guda har ƙarshen rayuwa, kuma ba wanda zai iya faɗa tun yanzu a wane ɓangare take.

"To ya zauna," in ji Aslaug. "In dai zai zauna inda nake ganinsa."

Hawan tudu yanzu minti hamsin yake ɗaukarta, da sanda, tana karkata kai don idon dama ya ga saiwoyi. Littafin shekarar 2018 yana wurin ƙungiyar wasanni, ta taɓa zuwa ta roƙa a nuna mata shafin. Ga sunanta ya hau kan na Eilif a karkace, ga "minti 4" a gefe, ga nasa a ƙasa, "Ki kira likita yau", wanda ba ta karanta ba sai bayan wata tara. Ta duba tsaf, ta ce haruffansa sun fi na da kyau, ta mayar.

Gwajin safe ya zama uku. A gida ta taɓa saman ƙofa. A ƙolin Varden ta shafa gefen goshi dama da hagu, sannan ta dubi hasumiya ta ƙirga tagoginta, uku ne. Na ƙarshe na Eilif ne. Yakan jira ta a ƙofar lambu yanzu su hau tare, kuma kafin su kai itacen farko yakan tambaye ta da baki, yana kallon ƙasa kamar mai aikata laifi, "Yaya kan?" A sama ya yanko nama daga wajen da ya fi tauri, ya miƙa mata. Ita ta tauna, shi ya ƙirga a fili.

"Ashirin da takwas, ashirin da tara, talatin. Yaya?"

"Muƙamuƙi lafiya. Naman ne gishiri ya yi masa yawa."

"Shekara nawa kina faɗar haka kina ci."

"Miƙo fensir. Kuma ka matsa, kana tsaye a gefen da ba na gani."

Sai ya zagayo ta dama, ya riƙe mata littafin saboda iska, ta rubuta sunanta a kan layi.